Fatar da Aka Raina a Modena

Duk wanda ya yi farautar ƙadangaru yana yaro ya san wutsiyar da ta guntule kan sake tsirowa. Ɗan Adam kaɗan ya samu daga wannan baiwa: hantarsa kan cike gurbin abin da aka yanke, fatarsa kuma kan sabunta kusan duk wata. Masu aikin sabunta gaɓoɓi wannan 'yar baiwa suke son faɗaɗawa.

A 2015 aka kwantar da wani yaro ɗan shekara 7, ɗan gudun hijira daga Siriya, a asibitin Bochum da ke Jamus. Cutar gado ce ta hana saman fatarsa manne wa na ƙasa, gogayya kaɗan sai ta yi bororo ta saluɓe. Fiye da rabin jikinsa ya zama ɗanyen gyambo, likitoci har sun fara fid da rai. Sai suka yanki 'yar fata da ba ta wuce santimita 4 murabba'i ba daga inda ba ta saluɓe ba, suka aika wa masani Michele De Luca a Modena ta Italiya. Can aka sanya wa ƙwayoyin fatar lafiyayyen kwafin ƙwayar gadon da ta lalace, aka yi ta rainonsu kamar irin dashe har suka zama shimfiɗu. Da su aka lulluɓe kashi 80 cikin 100 na jikinsa. A Fabrairun 2016 aka sallame shi, ya shiga makaranta, har da buga ƙwallo.

Abin da ya fi burge masana shi ne, wasu 'yan tsirarun ƙwayoyin tushe masu tsawon rai su ke ta haifar da sabuwar fatar, sauran duk 'yan wucin gadi ne.

Sai dai fata shimfiɗa ce. Ƙoda kuwa tana da matatai kusan miliyan guda, kowacce da jijiyoyin jininta, rainonta ba kamar na fata ba ne, shi ya sa mai zaryar wankin ƙoda bai kamata ya sayar da gona don tallan allurar “ƙwayoyin tushe” ba. Gaggawa ta riga ta ci rayuka a wannan fage. Likita Paolo Macchiarini ya dasa wa majinyata uku maƙogwaron roba da aka shafe da ƙwayoyin ɓargonsu a asibitin Karolinska da ke Suwidin, duka suka rasu. A 2023 kotun Suwidin ta ɗaure shi shekara biyu da rabi.