Bakan Macaulay: daga allon aji zuwa cikin manhajar SymPy

Duk wanda ya karanci ƙarfin kayan gini a tsangayar injiniya ya san ranar da malami ke zana bim a allo, ya tokare shi a bakinsa biyu, ya ɗora masa nauyi a wuri uku, sannan ya ce a faɗi iya lotsawar da zai yi. Ta hanyar da aka saba, kowane nauyi yanka bim ɗin yake yi, don haka nauyi uku sun raba shi gida huɗu. Kowane gida da nasa lissafin, kuma idan aka bi shi da lissafin tarawa sau biyu sai ya haifar da lambobi biyu da ba a sani ba. Takwas ke nan. Kafin a warware su, ko dai lokacin jarrabawa ya ƙare, ko alamar ɗebewa ɗaya ta salwanta a shafi na biyu ta ɓata komai.

Matsalar tsohuwa ce. Galileo ya zana gungumen katako da aka kafe a bango da nauyi rataye a bakinsa tun 1638, yana neman sanin lokacin da zai karye, amma amsarsa ba ta fito daidai ba. Sai wajajen 1750 Leonhard Euler da Daniel Bernoulli suka kafa ƙa'idar da ake koyarwa har yau, wadda ta ɗaure lanƙwasar bim da ƙarfin da ke murɗa shi, da taurin abin da aka yi shi da shi, da siffar jikinsa. Ita ce ke bayyana abin da kowane kafinta ya sani da hannu: katakon tu-bai-fo idan aka tsai da shi a kan gefensa ya fi na kwance tauri ninki huɗu.

Maganin yawan gidajen nan ya fara fitowa daga Jamus, a littafin Alfred Clebsch na 1862. Sunan da ya bi dabarar a ƙasashen da ke karatu da Ingilishi kuwa na W. H. Macaulay ne, malamin lissafi a Kambirij, wanda ya rubuta gajeriyar maƙala a kanta a 1919. (Ba Herbert Macaulay na Legas ba, kada a haɗa.) Jamusawa kuma da sunan August Föppl suke kiranta.

Dabarar baka ce mai tsini, ⟨x − a⟩, inda x wuri ne a jikin bim, a kuma wurin da nauyi yake, da doka ɗaya: muddin x bai kai a ba, abin da ke ciki sifili ne; da zarar ya kai, sai ta koma baka irin ta kullum. A ɗauki bim mai tsawon mita 6, a ɗora masa nauyin kilonyutan 12 a mita 2 daga hagu. Madogarar hagu za ta ɗauki 8, ta dama 4. Ƙarfin murɗawa a ko'ina a jikinsa layi ɗaya ne: 8x − 12⟨x − 2⟩. A mita 1 bakar a rufe take, amsa 8. A ƙarƙashin nauyin 16. A mita 5 bakar ta buɗe, 40 a ɗebe 36, saura 4. A mita 6 sifili, kamar yadda ya wajaba a kan madogara. Sirrin yana wajen tarawa: ba a fasa bakar, ɗungurungum ake ɗaga ta zuwa mataki na gaba. Tun da a mita 2 ita kanta sifili ce, gefen hagu da na dama suna haɗuwa da kansu, babu tsalle a lotsawar, babu karyewa a gangarar. Ko nauyi goma aka ɗora, lambobin da suka rage a nema biyu ne kacal.

Daga baya aka faɗaɗa ta yadda za a fara daga nauyin kansa. Mataki na 0 nauyi ne shimfiɗaɗɗe, kamar buhunan siminti da aka jera daidai wa daida. Mataki na 1 nauyi ne mai ƙaruwa sannu a hankali. Na −1 nauyi ne da ya taru a ɗigo ɗaya, na −2 kuma murɗawa ce a ɗigo ɗaya. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne masu wuyar sha'ani, domin sifili ne a ko'ina ban da wuri ɗaya, a nan kuma ba su da iyaka. Paul Dirac ya yi aiki da irin wannan a littafinsa na 1930 kan kimiyyar ƙwayar zarra, masana lissafi suna ta ƙorafi, har Laurent Schwartz na Faransa ya gina masa tushe a shekarun 1940. Injiniyoyi dai ba su jira kowa ba.

Wannan baka ta dace da aikin ɗalibi a manhajar kwamfuta. SymPy manhaja ce da aka rubuta da yaren Python, Ondřej Čertík ya fara ta a 2005, kuma kod ɗinta a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara. Da alamomi take lissafi, don haka idan ka ba ta bim mai tsawon L da nauyin P a tsakiya, PL³/48EI za ta ba ka a matsayin lotsawar, inda EI shi ne taurin bim ɗin. Manyan manhajojin injiniya lamba suke fitarwa, milimita kaza, su yi shiru. Mai kallon L³ da idonsa kuwa ya fahimci cewa ninka tazara sau biyu yana ninka lotsawa sau takwas, kuma a wajen koyarwa wannan ya fi lambar daraja nesa ba kusa ba.

A 2016, ƙarƙashin shirin Google Summer of Code, wanda tun 2005 yake biyan masu koyo su yi wa buɗaɗɗun manhajoji aiki na wasu makonni a hannun jagora, wani ɗalibi ya nemi ya shigar da wannan baka cikin SymPy. Abin da ya fito hawa biyu ne. Na ƙasa shi ne SingularityFunction, wadda ba ruwanta da gini, ta dai san yadda ake tara ta, da yadda ake sauke ta, da yadda ake buga ta a allo. Na sama shi ne Beam: ka faɗi tsawo da tauri, ka ɗora kowane nauyi da girmansa da mafarinsa da matakinsa, ka nuna inda lotsawa take sifili, ita kuma ta nemo abin da madogarai suka ɗauka ta ba ka sauran. Ɗaliban da suka biyo baya sun ƙara bim mai lanƙwasa ta fuska fiye da ɗaya, da zane-zane, da tsarin ƙarafan rufi.

A ganina raba aikin hawa biyu shi ne hikimar ƙudurin da ɗalibin ya gabatar, kuma shi ne abin da mai shirin rubuta irinsa ya kamata ya kwaikwaya. Masu neman shiga sukan cika takarda da alkawari, su ce za su warware gada da bene da hasumiya cikin mako goma sha biyu. Jagora da ya san aiki ba ya gama karanta irin wannan. Abin da yake nema shi ne alamar cewa mai nema ya taɓa kama fensir ya yi lissafin, ya kuma ci karo da wuraren da yake cizo. SymPy ma tana sharɗanta wa mai nema ya fara aika gyara ko da ƙarami ne kafin a dubi takardarsa.

Wuraren cizon sanannu ne. Me bakar mataki na 0 za ta bayar daidai a kan a, sifili, ko ɗaya, ko rabi? Littattafai sun saɓa, kwamfuta kuwa dole a yanke mata ɗaya. Dokar tarawa ma kashi biyu ce: daga mataki na 0 zuwa sama ana rabawa da sabon matakin, a −1 da −2 ba a rabawa, kuma wanda ya manta wannan zai raba da sifili. Sai nauyin da ya tsaya a hanya. Bakar ta iya buɗewa amma ba ta iya rufewa ba, don haka buhunan da aka jera daga mita 1 zuwa mita 3 sai a bar su su zarce har ƙarshe a lissafi, sannan a ɗora kishiyarsu daga mita 3 ta soke rarar. Ga nauyi shimfiɗaɗɗe wannan da sauƙi. Ga mai ƙaruwa kuwa kishiya biyu ake bukata, ɗaya ta soke tsayin da ya kai, ɗaya ta soke hawan, kuma nan ne kod ke yawan yin kuskure ba tare da ya yi ƙara ba. Akwai kuma rigimar alama, ko nauyin da ke danna ƙasa ƙari ne ko ragi, wadda ba ta da amsa sai dai a zaɓi ɗaya a rubuta ta ɓaro-ɓaro.

Takardar kirki tana kuma faɗin inda aikin ya tsaya. Layi ɗayan nan yana tafiya ne idan taurin bim bai canza ba daga farko har ƙarshe. Ƙa'idar Euler da Bernoulli ta siririn bim ce mai ɗan lotsawa kaɗan. Gajere mai kauri sai an koma ga gyaran da Stephen Timoshenko ya kawo a 1921. Bim ɗin kankare mai rodi kuwa yana tsagewa ta ƙasa idan ya ɗauki kaya, taurinsa ya ragu, don haka babu mai hankalin da zai zuba linta ko dakin da amsar wannan manhaja kaɗai.

Saura gwaji, wanda ya kamata a rubuta shi kafin kod ɗin. Nauyi a tsakiya dole ya ba da PL³/48EI, shimfiɗaɗɗe mai nauyin w a kowace mita a duk tsawon ya ba da 5wL⁴/384EI, wanda aka kafe a bango da nauyi a baki ya ba da PL³/3EI. Sai a ƙara bim mai madogara uku, wanda daidaiton ƙarfi kaɗai ba ya warware shi: a bar abin da madogarai suka ɗauka a matsayin alamomi, sharaɗin cewa bim bai lotsa a kan kowacce ba ya cike lissafin. Idan nauyin shimfiɗaɗɗe ne kuma tazarar biyu daidai suke, madogarar tsakiya dole ta ɗauki kashi biyar cikin takwas na dukan nauyin.