Dalet da Mogadishu: Sunayen da Yaƙin Duniya ya bar wa Kaduna

Duk wanda ya saba bin hanyar Kawo a Kaduna ya san Barikin Dalet. Haka kuma 'yan kasuwar tsakiyar gari sun san unguwar Mogadishu. Sai dai ba kowa ya san cewa waɗannan sunaye na fagagen fama ne da kakanninmu suka zubar da jini a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba.

Tun asali Kaduna garin soja ne. Lugga ya zaɓi wurin a 1913, sojojin rundunar Afirka ta Yamma suka fara tarewa, kafin a kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. A barikokin wancan zamani Hausa ce harshen aiki, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta.

Daga Somaliya zuwa Bama

Da yaƙi ya ɓarke a 1939, Turawan mulki sun nemi sarakuna su samo musu samari. Wasu sun shiga soja don albashi da kaki, wasu kuwa hakimai da dagatai ne suka miƙa su ba da son ransu ba.

An fara tura su Gabashin Afirka don yaƙar Italiya. A watan Fabrairun 1941 birged ɗin Najeriya ya shiga birnin Mogadishu, daga nan ya nausa ƙasar Habasha.

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka ɗebe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, sannan Bama, domin tunkarar Japan. Kimanin mutum 90,000 ne suka je daga yankin, mafi yawansu 'yan Najeriya. Dalet wani wuri ne a yankin Arakan na Bama, inda runduna ta 82 ta gwabza a 1945. Barikin Chindit na Zariya shi ma daga can ya samo suna, domin bataliyoyin Najeriya sun yi aiki da dakarun Chindit a bayan layin abokan gaba a 1944.

Rayuwa a dajin Bama

Bamalle ko Bakatsinen da ya tashi a fili ya tsinci kansa cikin ƙungurmin daji mai tsaunuka, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga zazzaɓin cizon sauro da atini. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, don haka daga jirgin sama ake jefo wa runduna ta 81 abinci da harsasai.

Dubbai daga cikinsu dako aka ɗauke su yi. Su ne ke ɗaukar akwatunan harsasai a ka, su sare daji, su ɗauko waɗanda aka raunata, da yawansu ba su da ko bindiga sai adda. Duk da haka albashin baƙar fata bai kama ƙafar na Bature ba, kuma ana yi masa hukuncin bulala, wanda tuni aka soke wa sojan Birtaniya.

Bayan hawansa gadon sarauta a 1944, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har Bama ya duba sojojin, ya ƙarfafa musu gwiwa.

Waɗanda aka bari a gida

Yaƙin bai tsaya a kan masu kaki ba. Matan sojoji sun shafe shekaru suna renon yara su kaɗai, suna jiran wasiƙar da sai an nemi mai karanta musu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ce ke kawo labarin fagen daga, mutum ɗaya ya karanta jama'a su kewaye shi.

Kaya sun yi tsada saboda jiragen ruwa sun koma jigilar yaƙi. Gishiri da kananzir da yadi sun yi wuya. An matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa, an kuma tara gudummawar yaƙi gari-gari.

Mafi muni shi ne diban gwamna. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun-dubatar manoman Arewa aka kai su haƙar kuza dole. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da dama, gonakinsu kuma suka zama saura.

Bayan an dawo

Da yaƙi ya ƙare a 1945, sojojin sun dawo sannu a hankali. Wasu sun samu aikin direba, gadi, masinja ko ɗan doka. Wasu sun koma ƙauye da lambobin yabo da ɗan kuɗin sallama da bai daɗe ba. Sun kuma dawo da wani abu da Turawa ba su yi tsammani ba: sun ga Bature yana jin tsoro, yana mutuwa kamar kowa, sun ga Indiyawa suna fafutukar neman 'yanci.

A yau Najeriya na tunawa da mazan jiya a ranar 15 ga Janairun kowace shekara. Kusan duk waɗanda suka je Bama sun riga mu gidan gaskiya, kuma kaɗan ne aka rubuta labarinsu. Abin da ya rage yana hannun iyalai: tsohon hoto, lambar yabo a ƙasan adaka, da labarin da kaka ta ji daga bakin mijinta. Idan jikoki ba su tambaya sun rubuta yanzu ba, nan gaba allon ƙofar bariki kaɗai zai rage.