Ciwon Karkarwa Da Magungunansa

A ƙauyukanmu na Bichi da Dambatta da Makoɗa, in dattijo ya soma karkarwar hannu, takunsa ya gajarta, bayansa ya ranƙwafa, sai a ce tsufa ne, waɗansu su ce sammu. Alhali sau da yawa ciwo ne sananne, wanda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana a shekarar 1817. Alamarsa, hannu yana rawa sa'ad da yake ajiye, in an kama fartanya sai ya lafa. Mai rubutun allo kuwa yakan ga haruffansa suna ƙanƙancewa.

Asalinsa, akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, shi ke daidaita motsin gaɓoɓi. In ƙwayoyin da ke yin sa suka mutu, sai jiki ya sandare. Mafi ƙarfin magani shi ne levodopa, wanda ƙwaƙwalwa ke juyawa ya zama dofamin. Akwai kuma na'ibai masu tsayawa a madadin dofamin ɗin: bromocriptine, da aka gwada ga masu ciwon a 1974, da pramipexole da ropinirole, da Amurka ta yarda da su a 1997. Likita yakan fara da na'iban ga mai sauran ƙuruciya, gama levodopa in an daɗe ana sha yakan kawo fizge-fizgen jiki. Dukansu sassauci suke yi, ba sa warkarwa.

To, fatake, ku kasa kunne nan. Na'iban nan sukan sauya halin waɗansu masu shan su. Mutumin da aka sani da tattalin jari sai ya auka caca, ko ya shiga Dawanau yana sayen abin da ba ya bukata, ko sha'awarsa ta wuce kima, shi kuwa bai ga laifinsa ba. Wani barci ya kwashe shi da rana tsaka yana tuƙi. Tsoho kuma yakan ga mutanen da babu su, a ɗauka iskoki ne. A ganina wajibi ne uwargida ko babban ɗa su san wannan tun ranar da aka rubuta maganin.

In an ga haka, kada a yanke sha gaba ɗaya, domin yankewar ma tana da illa. A koma wurin likita ya rage shi sannu a hankali, ko ya sauya. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi musu da kwalin duk maganin da majinyacin ke sha, gama waɗansu magungunan amai da na taɓin hankali su ma sukan jawo karkarwa.