Motar Lantarki Mai Araha: Lissafin Mai Saye Tsakanin Gidan Rumji da Gazawa

Wutar lantarkin da Najeriya ke sayar wa tsakiya da gabashin Nijar daga Katsina take tasowa, a Gazawa take sauka. Layi ne mai ƙarfin bolt dubu 132, kuma a tashar Nigelec ta Gazawa yake rabuwa, reshe guda ya yi yamma zuwa Maraɗi, ɗayan ya yi gabas zuwa Damagaram. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take turowa saboda takunkumin CEDEAO, ba ta maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Duk wanda ya zauna a garuruwan nan a waɗancan watanni bai manta daren zafi babu fanka ba, bai manta masu ƙanƙara da masu walda da suka naɗe hannu ba. Da wannan ya kamata a buɗe zancen motar lantarki a yankinmu, domin gidan man wannan mota shi ne soket ɗin da ke bangon ɗakinka.

Duk da haka zancen ba na banza ba ne, kuma masu yin sa a tasha da majalisa suna da hujja. Shekara da shekaru ababen hawan Agye, Cadawa, Tibiri da ƙauyukan bakin iyaka da man kwalba suke tafiya, wanda ake shigo da shi daga Najeriya da rahusa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, wannan rijiya ta fara ƙafewa. Nauyi ya koma kan matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana. A Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, jama'a suka yi murna, amma a Maris na 2025 sai ga dogayen layuka a gidajen mai. Direban da ya kwana a layi dole ya saurara idan aka ce masa akwai motar da ba ta shan mai.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Babban batir ne a shimfiɗe ƙarƙashin kujeru, yana ba injin lantarki wuta, injin yana juya tayoyi. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, babu kuloci, babu canjin giya. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin da kansa yake rage gudu yana mayar da wuta cikin batir, shi ya sa birki ke daɗewa bai cinye ba. Abubuwan da ke lalacewa kaɗan ne. Sai dai ɗaya daga cikinsu, batirin, shi kaɗai yana iya kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar.

Arahar da ake magana a kai gaskiya ce, kuma daga ƙasar Sin ta fito. A 2010 batirin da zai riƙe kilowat-awa guda, wato ma'aunin da Nigelec ke lissafa wuta da shi, ya haura dala dubu ta Amurka. A 2024 ya sauko kusan dala 115. A 2020 aka fitar da wata ƴar ƙaramar mota, Wuling Hongguang Mini, a kan yuwan 28,800, wajen sefa miliyan biyu da rabi ke nan, mai tafiyar kilomita 120 a caji guda. A 2023 kamfanin BYD ya fito da Seagull, mota mai ƙofa huɗu, da batirin kilowat-awa 30 da tafiyar kusan kilomita 300, farashinta a can wajen dala dubu goma ne. A Indiya akwai Tata Tiago ta lantarki, a Turai akwai Dacia Spring.

Waɗannan farashin da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp na bakin masana'anta ne. Kafin mota ta taka kwaltar Maraɗi sai an biya jirgin ruwa, an biya tashar ruwa, an biya duwan, an biya mai ɗauko ta. Hanyar Kwatano da ƴan kasuwar Maraɗi suka saba da ita ta toshe tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso a ayari da rakiyar sojoji, ga tsawo ga tsada. Don haka kada kowa ya ɗauki lambar da ya gani a waya ya je yana ciniki da ita.

Yanzu ga lissafin, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan zauna. Ƙaramar motar fetur tana shan lita bakwai zuwa takwas a kilomita 100. A kan sefa 499, kusan jaka uku da rabi zuwa jaka huɗu ke nan. Ƙaramar motar lantarki tana cin kilowat-awa 12 zuwa 15 a wannan tazarar. Mu ƙaddara kowane guda sefa 100 ne (kowa ya duba takardar wutarsa ya sa ainihin abin da yake biya), ka ga jaka ɗaya da rabi. Rarar ta kai wajen jaka biyu da ɗoriya a kowane kilomita 100, mu ce sefa 22 a kilomita. Da daɗin ji. To amma mu ƙaddara motar lantarkin ta fi tsohuwar Toyota ta hannu da za ka saya tsada da miliyan uku. Kafin rarar mai ta biya wannan miliyan uku sai motar ta yi tafiyar kusan kilomita dubu 136.

Wa zai yi wannan tafiya, kuma cikin shekara nawa? Direban haya da ke jigila tsakanin Maraɗi da Agye, kusan kilomita 80 zuwa, 80 dawowa, idan ya yi sawu ɗaya kullum na kwana 300, ya ci kilomita dubu 48 a shekara. Cikin shekara uku kuɗinsa sun dawo, abin da ya biyo baya riba ce, ban da kuɗin juyen mai da ya huta da su. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke yin kilomita 20 a rana kuwa, kusan shekara 19 zai jira, batirin ya daɗe da tsufa kafin nan. Abin mamakin ke nan: motar da ake tallatawa a matsayin ta mai tsimi, mai yawan tafiya take yi wa rana. Wanda motarsa ke wuni a inuwar dogon yaro tana jiran Juma'a da ranar biki, tsohuwar motar fetur ta fi masa sauƙi, ko da man ya ƙara kuɗi.

Sai maganar caji. Soket na gida yana ba da kusan kilowat biyu. Batir mai kilowat-awa 30 zai ɗauki awa 14 ko 15 kafin ya cika daga ƙasa. Gidan da mitarsa ta kilowat uku ce, idan mota na sha, firji da fanka da injin jan ruwa sai sun yi haƙuri, in ba haka ba mita ta yanke. Wayoyin da aka ja da siririn waya kuma suna ɗaukar zafi idan aka ɗora musu wannan nauyi dare guda cur, gobara ba ta sallama. Wannan ma ga wanda ke da mita ke nan. A Nijar baki ɗaya kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara abin ya fi haka ƙasa nesa ba kusa ba. Mutumin wani ƙauye a ƙasar Cadakori ko Gangara ba ya cikin wannan lissafi tukuna.

Rana dai muna da ita, har ta yi yawa. Allon sola mai wat 500 yana iya tara kilowat-awa biyu zuwa biyu da rabi a wuni idan ana share masa ƙura. Tafiyar kilomita 100 a mota tana son allo shida ko bakwai, da na'urar juya wuta. Matsalar ita ce da rana ake samun wutar, da rana kuma motar haya take kan hanya. Ko dai a sayi wani batirin ajiya na gida, wanda kuɗi ne na biyu, ko motar ta tsaya tsakar rana ta sha. Ba abu ne da ya gagara ba. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas-bas na fetur masu aiki da batir, ana caja su da sola. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato an buɗe tashar cajin mota mai aiki da rana a 2021, lokacin da Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Irin wannan aiki na ƙungiya ne ko na gwamnati, ya fi ƙarfin aljihun mutum guda.

Inda na fi jin tsoro shi ne motocin hannu. Nan da ƴan shekaru tsofaffin motocin lantarki na Turai da Asiya za su biyo hanyar da tsofaffin motocin fetur suka biyo, kuma za su zo da fenti mai ƙyalli da farashi mai daɗi. Sayen irin wannan mota ba tare da an auna batirinta ba kamar sayen san huɗa ne ba a buɗe bakinsa an ga haƙora ba. Batir yana raguwa da shekaru, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Ya fi son awon zafi 20 zuwa 30, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010 da batirin kilowat-awa 24, ba ta da ruwan sanyaya batir. A 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, ƙasa mai zafi irin tamu, suka yi ta ƙorafi cewa batiransu sun ragu da wuri. Ita ce kuma irin wadda za a fi samu da araha. A allon gabanta akwai layuka 12 masu nuna lafiyar batir. Idan saura bakwai ko takwas, motar ba za ta kai ka Agye daga Maraɗi da kwanciyar hankali ba, balle da fasinja da na'urar sanyi a kunne. Garantin shekara takwas ko kilomita dubu 160 da kamfanoni da yawa ke bayarwa kuwa, wakilin kamfani ne ke cika shi, mota ta hannu da ta ƙetaro teku ba ta da wanda za ta kai wa kuka.

Akwai ƙananan abubuwa da ke zama manya bayan an biya kuɗi. Bakin caji iri-iri ne: na Sin daban, na Turai daban, na Japan daban. Motocin da aka yi wa kasuwar Japan da Indiya sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa hannun dama muke bi a hanya, sitiyari a hagu. Tazarar da kamfani ya rubuta a takarda an auna ta ne a ɗakin gwaji, ba a kan hanya ba, sai ka zaftare kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Hanya ta ɗaya ta ƙasa, wadda ta ratsa Gidan Rumji, Tibiri, Maraɗi, Cadawa, Agye da Gazawa, ba za ta ba ta wahala ba. Da an sauka kwalta aka shiga rairayi, ƙaramar mota mai ƙananan tayoyi da batir a ciki kusa da ƙasa ta shiga uku, ga tudun tsakiyar hanyar amalanke, ga ruwan gulbi da damina.

A ganina, abin hawan lantarki mai araha na gaske a gundumomin Gidan Rumji, Agye da Gazawa, a yanzu, ƙafa biyu ko uku gare shi. Babur na lantarki yana ɗauke da batirin kilowat-awa biyu zuwa uku, yana yin kilomita 60 zuwa 80, allon sola biyu sun ishe shi, kuma ana iya cire batirin a kai ɗaki. Ɗan kabu-kabu da mai adaidaita su ne ainihin masu yawan tafiya a gajeriyar tazara, su ne lissafin da muka yi a sama ya fi yi wa daɗi. A Kwatano da Lome kamfanin Spiro, a Kigali kuma Ampersand, musanya suke yi: ɗan haya ya ajiye batirin da ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya biya kuɗin wutar kawai. Batirin na kamfani ne, don haka tsufansa ba ya kan talaka. Wanda ya iya buɗe rumfar cajin waya da sola a kasuwar Cadawa ya riga ya san rabin wannan sana'a. Ayar da ake ɗaukowa daga gona zuwa kasuwa, da gero da wake da gyaɗa, duk kaya ne da mai ƙafa uku zai iya da su a kusa.

A nan ma akwai tarko. Masu ƙafa uku mafi araha da batirin darma suke zuwa, irin na tsohuwar sola, wanda ke mutuwa bayan caji 300 zuwa 500, wato shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ga mai aiki kullum, a zafinmu ma ba lalle ya kai ba. Batirin litiyam nau'in LFP ya fi tsada a ranar saye, amma yana ɗaukar caji 2,000 zuwa sama, ya fi jure zafi, kuma bai cika kamawa da wuta ba. Mai saye ya sa a buɗe masa ya karanta abin da aka rubuta a jikin batirin da idonsa, ya tambayi kuɗin sabo, ya tambayi shagon da ake sayar da shi a Maraɗi ko Katsina ko Kano. Idan amsar ita ce sai an yi oda, to ya san ranar da batirin ya tsaya abin hawan zai yi watanni a jingine.

Ya kuma tambayi wanda zai gyara. Makanikan garejojinmu gwanaye ne a injin fetur da na gas, amma batirin mota yana ɗauke da bolt 300 zuwa 400, kuma wayoyin nan masu launin ruwan goro da ke ƙarƙashinta suna kisa nan take. Yaron gareji ba zai taɓa su da hannu da sifana yadda ya saba ba, sai da safar roba ta musamman, da na'urar awo, da kwamfutar da ke karanta laifin motar. Na babur da adaidaita yawanci bolt 48 zuwa 72 ne, kusa da abin da masu haɗa sola suka riga suka saba da shi, kuma irin waɗannan samari akwai su a Agye da Gazawa da Gidan Rumji.