Rawa A Gaban Jama'a, Kuka A Bayan Labule

Duk wanda ya taɓa kasa kaset ɗin fim a babbar kasuwar Garwa ya san cewa waƙa ce ke sayar da fim. Mun ga haka lokacin da Sangaya na su Ali Nuhu da Fati Muhammad ya ƙetaro daga Kano ta Yola da Mubi. Mai saye ba ya tambayar labari, waƙar kawai yake rerawa a miƙo masa.

To, wannan dabara ta girmi Kanywood nesa ba kusa ba. A shekarar 1929, lokacin da fim bai daɗe da fara magana ba, kamfanin MGM na Amurka ya fitar da The Broadway Melody, wanda Harry Beaumont ya ba da umarni. Shi ne fim mai magana na farko da ya ci kyautar Oska ta gwarzon fim. An kashe masa ƙasa da dala dubu 400, ya dawo da fiye da miliyan 4. Saboda gidajen silima da yawa ba su da na'urar sauti a lokacin, sai da aka yi masa wani kwafi marar magana don kada a rasa kasuwarsu.

Labarin na wasu 'yan mata biyu ne, ya da ƙanwa, Hank da Queenie, da suka shiga birnin New York neman abinci da rawa da waƙa. Yayar ce mai ƙwazo, amma ƙanwar masu shirya wasa suka ɗauka saboda kyanta. Wani attajiri ya shiga zawarcinta da kyaututtuka, saurayin yayar ma ya koma mata. Daga ƙarshe yayar ta haƙura ta bar masa ita, ta koma yawon wasa gari-gari. 'Yan kallo suna tafi, ita kuwa tana kuka a ɗakin kwalliya.

Abin da fim ɗin ya tona ke nan: wanda ya fi shan wahalar wasa ba shi ya fi cin moriyarsa ba. A nan kuwa maganar ta shafe mu. Da muna sarin kaset da faifan CD daga Kano, ko yaya wani abu yana komawa ga masu fim. Yau da kuɗi kaɗan ake tura wa mutum finafinai cike da waya, mawaƙi da 'yar rawa ba sa ganin ko dala. Shi ya sa masu shirya fim da yawa suka koma YouTube.

Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin zafin a kwashi kayan mutum ba a biya ba. Idan za mu tura fim, mu tuna da guminsu. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.