Tsarkin Kejin Dabbobin Bincike, da Rabon Mai Akurki a Cikinsa

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami da littafin fiƙihu ya san hukuncin najasa ba ya gushewa sai an gusar da aininta, kuma wanda ya yayyafa turare a kan ƙazanta hancinsa kawai ya yaudara. Wannan mas'ala ce ta faɗo mini a rai ran da ɗan ƙanena, wanda ke kula da ɗakin dabbobin bincike a wata jami'a, ya shiga da ni wurin aikinsa, na tarar da fararen ɓeraye masu jajayen idanu cikin kejin roba mai murfin waya, kwalbar ruwa a kife bisa murfin, ƙarƙashinsu kuwa dusar katako irin wadda masu kaji ke saya a 'Yan Katako.

Da ya ga ina al'ajabin yadda ake yi wa ɓera hidima, alhali mu a Ungogo tarko muke ɗana masa a gindin rumbu, sai ya ce, "Baba, ai ɓeran nan shaida ne." A kansa ake jarraba magani kafin a ba ɗan Adam, kuma kamar yadda alƙali ba ya karɓar shaidar wanda ba adali ba, haka masana ba sa dogara ga dabbar da cuta ta riga ta shige ta. Idan fitsari ya daɗe cikin dusa yakan rikiɗa ya zama amoniya, iskar nan mai yaji da ke sa ido ƙwalla, ta raunana huhu. In dabbar ta mutu, ba mai iya tantancewa ko magani ne ya kashe ta ko ƙazanta, wahalar watanni ta tafi a banza. Hatta cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924 saboda annobar bushiya, da irin wannan shaida take tabbatar da ingancin alluran rigakafin da take haɗawa.

Aikin tsarkake kejin kuwa yana da tartibi kamar alwala. Sau ɗaya ko biyu a mako ake mai da dabbobin wani keji, a kankare tsohuwar dusa, a wanke da sabulu da ruwan zafi, wanda a injin wanki yakan kai digiri 82. Bayan nan ne ake sa ruwan bilic, a bar shi kimanin minti goma, a ɗauraye, a shanya. Wanda ya gaggauta ya zuba bilic a kan kashi da fitsari ya yi hasara biyu, domin ƙazantar tana cinye ƙarfinsa, haɗuwarsa da amoniya kuma tana ta da hayaƙi mai guba. Inda ake bukatar cikakken tsarki sai a sa keji da kwalabe, har da dusar, cikin tukunyar tururi mai kulle, wadda Chamberland, mataimakin masanin kimiyya Pasteur, ya ƙirƙira a Faransa a 1879. A digiri 121, cikin minti goma sha biyar ko fiye, ƙwayoyin cutar da tafasasshen ruwa ya gaza a kansu sukan halaka.

Mai akurki a Fanisau ko Rangaza ba shi da wannan tukunya, amma yana da magirbi da ruwa da ranar Kano, wadda ba a saye. Masu kiwo ba su manta da 2006 ba, shekarar da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji ta iso Kano. Don haka, ya kai mai karatu, in ka sayar da kajinka, kada ka zuba sababbin 'yan tsaki washegari. Kankare, ka wanke, sannan ka sa magani, ka bar akurkin a buɗe mako biyu ya sha rana.