Zaɓen Bugun Linux Abin Dogaro ga Ɗalibin Hausa

A watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, wato manhajar da ke tafiyar da da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ɗalibai ke saye. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke tsakiyar rubuta kundin digirinsa a kan irin wannan na'ura, ba shi kuwa da halin sayen sabuwa, yana iya komawa ga Linux. Wannan manhaja kyauta ce, kowa kuma yana da ikon duba ƙirarta ya gyara. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki.

To, Linux iri-iri ce, kowane iri kuma da bugunsa, kamar dai littafi. A nan ne akan yi tuntuɓe, domin ido yakan tafi ga sabon fito.

Mu ɗauki Ubuntu, wadda aka soma fitarwa a 2004. Sau biyu take fitowa a shekara, a watan Afrilu da na Oktoba, lambarta kuma ita ce ranar haihuwarta: 24.04 na nufin watan huɗu na 2024. Bugu na yau da kullum wata tara kacal ake toshe masa kafofin ɓarna, daga nan sai a sake shi. Amma duk bayan shekara biyu akan fitar da wanda aka liƙa wa alamar LTS, wanda ake kula da shi har shekara biyar. Saboda haka 24.04 zai kai 2029, ya zarce tsawon karatun digiri. A ganina shi ya dace da mu. Sauya bugu yana cin data mai yawa, in kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, batirin ga shi ya tsufa, na'urar tana iya ƙin tashi, kundi yana ciki.

Wanda kwamfutarsa ta gaji ƙwarai sai ya nemi Lubuntu, ƙanwarta marar nauyi.

Kafin a girka, a ɗora manhajar a kan filash a gwada ta, ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'urar ba. A shiga jerin madannai a zaɓi na Hausar Nijeriya, a buga ɓ da ɗ da ƙ, a tabbatar sun fito da lanƙwasarsu.